Filin Gareji: Amsoshin tambayoyinku kan giyar hannu da ta otomatik

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan giya suke, daga masu ƙananan motoci har direbobin tirela. Mun zaɓi biyar mun taƙaita su, ga su nan da amsoshinsu.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Kano, ina son sayen motata ta farko, Corolla 'yar Beljiyam. Ƙanin maigidana ya ce kada in kuskura in sayi otomatik, wai tana shan mai, kuma in ta lalace sai dai a jefar. Gaskiya ne?

Malama, Allah ya sanya alheri. Maganar ƙanin maigidanki tana da tushe, amma tsohon labari ne. A motar manuwal, faifan kuloci ne ke haɗa inji da giya, ya damƙe su gam, babu abin da ke zamewa. A otomatik kuwa, abin da ke tsakaninsu wata ƙwarya ce ta ƙarfe cike da mai, kanikawa na kiranta kwanbata. A cikinta akwai fanka biyu suna fuskantar juna: inji na juya ɗaya, ita kuma tana watsa mai a kan ɗayar har ta juya. Tunda mai ne ke tura mai, dole wani ƙarfin ya salwanta ya koma zafi. A nan ne tsofaffin otomatik masu giya 3 ko 4 suka samo sunan shan fetur. Motocin baya-bayan nan suna da ɗan kuloci a cikin kwanbatar da ke kulle ta da zarar mota ta miƙa hanya, ga kuma giya 5, 6, har 8, don haka tazarar ta ragu sosai, a wasu motocin ma otomatik ɗin ce ta fi tsimi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa na lissafin lita, amma fulogin da ya mutu, da tayar da ba iska, da ƙafar da ke danne totur, kowannensu ya fi nau'in giya cin kuɗinki.

Ga mai bin cunkoson Kano safe da yamma, otomatik muke ba ki shawara. A gosulo, mai manuwal zai taka kuloci sau ɗaruruwa kafin ya isa gida, sabon direba kuma rabin wannan takun a kan ƙona faifai yake ƙarewa. Inda ƙanin maigidanki ya yi gaskiya shi ne kuɗin gyara: canjin kuloci aikin yini guda ne a kowane gareji, buɗe giyar otomatik kuwa sai ƙwararre, kuma da tsada. Saboda haka a wajen saye ake yin hattara.

Ki tafi da bakaniken da kika yarda da shi, ku je da safe mota ba ta yi ɗumi ba. A tayar da ita, a taka burki, a sa D, a ƙirga: ta kama cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, a hankali, ba tare da duka ba. A yi haka a R. A zaro gejin man giya a goga a farin ƙyalle. Ja ko ja-ja mai haske lafiya ne, baƙi mai ƙaurin ƙuna a bar motar ko da an yi rangwame. A tuƙa ta aƙalla minti 20, don wata giyar sai ta yi zafi take tona kanta. Idan allurar inji ta yi tsalle sama a tsakanin giya da giya alhali gudu bai ƙaru ba, faiba, wato faya-fayan kulocin da ke cikin giyar, ta ci. A ƙarshe a jona kwamfutar duba mota. Lambobin da suka fara da P07 na giya ne. Ki kuma tambaya wace iri ce a ciki, domin mafi yawan Corolla da aka sayar a Amurka daga 2014 CVT gare su, wato bel na ƙarfe a tsakanin fule biyu, kuma man su daban ne kwata-kwata.

Tambaya: Camry ɗina ta 2004 ce. Wani bakanike ya juye min man giya, ya zuba wani jan mai da aka auno a kwalba. Tun daga nan take fizga in za ta canza giya. Abokaina sun ce laifina ne, ba a taɓa canza man otomatik. Me zan yi? Daga wani ɗan kasuwa a Zariya.

Alhaji, canza man ba laifi ba ne, man da aka zuba ne laifin. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe giyar otomatik a garuruwanmu, don haka za mu ɗan tsaya a kanta.

A giyar manuwal, aikin mai shafawa ne kawai. A otomatik aiki huɗu yake yi: shi ke ɗaukar ƙarfin inji a cikin kwanbata, shi ke matse faiba don giya ta shiga, shi ke shafawa, shi ke kwashe zafi. Kowane kamfani ya tsara santsin mansa daidai da irin faibar da ya sa. In santsin ya yi yawa faiba ta zame ta ƙone, in ya yi kaɗan ta cafke da ƙarfi, shi ne fizgar da kake ji. Ja kuwa rini ne kawai ake sawa don a bambanta shi da baƙin mai, ba ya nuna iri. Motarka Toyota Type T-IV take sha, kuma galibi an rubuta hakan a jikin gejin. Camry daga 2007 WS take sha. Honda nata ATF-Z1 ne, wanda DW-1 ya maye gurbinsa. CVT ɗin Nissan NS-2 ko NS-3, na Honda HCF-2. Wanda ya zuba man otomatik na gama-gari a CVT, bel ɗin zai dinga zamewa yana kartar fule, kuma wannan ba ya gyaruwa da canjin mai.

Ga abin da za ka yi, kuma kada ka jinkirta. Giyar tana ɗaukar kusan lita 8, amma in aka kwance noti na ƙasa lita 3 zuwa 4 ne kawai ke fita, sauran na maƙale a kwanbata da bututu. Saboda haka juyi ɗaya ba zai raba ka da gurɓataccen man ba. A juye, a auna abin da ya fito a jarka mai ma'auni, a mayar da daidai wannan adadin na T-IV daga galan mai hatimi. Ka yi tafiyar kwana biyu ko uku, a sake. Ka yi haka sau uku. A karo na farko a sauke kwanon ƙasan giyar, a wanke shi, a canza filta da gasket, a duba maganaɗisun da ke manne a ciki. Laushin toka-toka kamar kwalli a jikinsa ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ko baƙin gari mai yawa kamar dusa, shi ke nuna ɓarna ta riga ta yi nisa.

Auna man ma da ƙa'idarsa. A Toyota irin taka, mota ta yi zafi, a tsaya a wuri mai daidai, inji na aiki, a bi da liba ta kowane matsayi a dawo P, sannan a zaro geji, man ya tsaya a alamar HOT. A yawancin Honda masu geji kuwa, kashe inji ake yi a auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Cikawa fiye da kima illa ce kamar ragewa, don man zai yi kumfa, kumfa kuma ba ta matse faiba. Sababbin motoci da yawa ba su da geji sam, ta wani noti ake auna su a kan wani ma'aunin zafi da kwamfuta ke nunawa. Waɗannan kada a ba wanda zai yi da ka.

Batun "ba a canzawa" kuwa, ga asalinsa. Mutum zai bar mai shekara goma har ya yi baƙi, faiba ta cinye, sai garin faibar da ke yawo cikin man ya zama shi ke ɗan riƙe giyar. Ran da ta fara zamewa sai ya ruga a canza mai, sabon mai ya wanke garin, motar ta tsaya cak, a ce mai ne ya kashe ta. Ta riga ta mutu tun kafin nan. A zafinmu da ƙurarmu da gosulo, ka juye duk kilomita 40,000 zuwa 60,000, kuma ka guji injin da ke tura mai da ƙarfi a tsohuwar giya.

Abu biyu kuma da ba ka tambaya ba. Man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce. Yana son zama wajen digiri 80 zuwa 90. In ya riƙa haura 120 yakan ƙone, robobin ciki su bushe. Duk motar da ke zafi, giyarta ma na dahuwa. In bututun nan ya tsage, ruwa ya shiga, man zai koma kamar madara mai ruwan hoda, ruwa kuma yana saki gam ɗin da ya riƙe faiba. Ka ga haka, ko bayan ka ratsa ambaliya da damina, kashe motar nan take. Na biyu, al'adar cire tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, da wasu kanikawa ke yi wa duk motar da ta sauka daga jirgi. Kwamfutar mota ba ta barin kwanbata ta kulle, a wasu motocin ma ba ta sakin giyar ƙarshe, sai inji ya kai zafinsa. Babu tamostat, da sanyin hunturu ko tafiyar dare, sai motar ta yi ta jan hanya da ƙaramar giya tana shan mai. A mayar da shi.

Tambaya: Batir ya mutu min a hanya, aka tura motar har aka gaji ba ta tashi ba, daga baya aka ja ta da igiya. Otomatik ce. Na yi ɓarna? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Ɗan'uwa, otomatik ba ta tashi da turi. Famfon man giya inji ne ke juya shi. Inji a kashe, babu matsin da zai haɗa taya da inji, ko gari guda ne suka tura. Ka ajiye wayar jona batir a but. Ja da igiya kuma haɗarinsa ɗaya ne: tayoyi na juya kayan ciki babu mai da ke zagayawa. In 'yar tafiya ce a hankali a N, da wuya a yi ɓarna. Ka duba launin man da ƙamshinsa, ka saurari ko akwai sabon kuka. Nan gaba a ɗora ta a kan mota, ko a ɗaga tayoyin da ke ja, in mai jan baya ce a kwance farfela, wato sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin baya. In liba ta ƙi fita daga P saboda babu wuta, akwai ɗan murfi kusa da ita, a buɗe a danna da makulli.

Tambaya: Shekara 14 ina jan tirela. Tambayata biyu ce. Maigidana zai sayo Actros wadda ba ta da kuloci a ƙasa, ni kuma ban yarda da ita ba a kan lodi. Sannan yaran yanzu suna sakin mota a firi a gangara don tsimin gas, suna cewa ba komai. Daga wani direba a Mararrabar Jos.

Oga direba, Allah ya tsare hanya. Mu fara da ta biyun, don ita ce ta rai.

Firi a gangara da lodi ganganci ne, kuma babu tsimin da ake samu. A injin zamani mai kwamfuta, in mota na cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, ana yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya inji. A firi kuwa sai an ba shi mai don kada ya mutu. Ga kuma abin da ake asara. Burkin inji ba ya aiki sai cikin giya. Nauyin tan 30 ko 40 duk ya koma kan layinin da duram, su yi zafi, duram ya buɗe, layinin ya yi santsi, ka taka ka ji babu komai. Kwamfireso kuma da inji yake juyawa. Inji na silo, iskar da kake zubarwa a kowane taku ta fi wadda ke shiga. In gudu ya riga ya yi yawa, giyar ba za ta koma ba, sai ƙara kawai za ka ji. Duk wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos ya san abin da wannan ke haifarwa. Ƙa'idar ita ce: giyar da za ta hau da kai tudun, ita ko ta ƙasa da ita za ka sauka da ita, kuma tun kana bisa za ka zaɓe ta. Ka kunna burkin inji ko ritada, na'urar rage gudu ba tare da taka burki ba, in akwai. In allura ta doshi ja, ka taka burki sosai har gudu ya ragu da kamar kilomita 10, ka saki ya huce, maimakon ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa.

Game da Actros, ka kwantar da hankalinka, ba irin otomatik ɗin ƙananan motoci ba ce. A cikinta giyar haƙora ce irin wadda ka saba, da faifan kuloci busasshe, babu kwanbata. Bambancin kawai, iska da kwamfuta ne ke taka kulocin su jefa giyar. Mercedes na kiran nasu PowerShift, Volvo I-Shift wanda ya fito a 2001, Scania Opticruise, DAF da MAN kuma sun daɗe suna amfani da na ZF. A Turai yanzu da wuya ka ga sabon kan tirela mai giyar hannu. Mai jan giyar hannu ta ZF mai giya 16 ya san aikin: giya huɗu, kowace a raba ta biyu da maɓalli, sannan a ninka da babba da ƙarama. Kwamfutar wannan lissafin take yi, ba ta gajiya, ba ta tashi da giyar da ta yi wa lodi girma, don haka kuloci kan daɗe, gas kuma ya ragu a doguwar hanya.

Amma tana da sharuɗɗa, kuma maigidanka ya san su kafin ya biya. Tana son batir biyu masu ƙarfi da wayoyi masu tsabta; wuta ta yi ƙasa, sai ta ƙi shiga giya. Tana son busasshiyar iska, don haka a canza filtar busar da iska a kan lokaci, a riƙa tsiyaye tankuna, in ba haka ba ruwa ya ci bawul ɗin da ke kan giyar. In an canza kuloci dole a saita shi da kwamfuta. Kada ka riƙe ta a kan tudu da totur, faifan na ƙonewa kana zaune ba ka sani ba. Ka taka burki. Wajen juyawa a matsattsen wuri ko shiga ƙarƙashin bodi, akwai maɓallin tafiya a hankali. In kuma za a ja ta, ko ita ko manuwal, a kwance farfela tukuna.

Hukuncinmu: tirelar da ke kan kwalta tsakanin Legas, Kaduna da Kano, inda ake samun mai kwamfuta da kayan gyara, wannan giyar ta dace da ita. Tifar da ke shiga kogi ɗebo yashi, ko motar da ke kwasar hatsi a kasuwannin ƙauye inda taɓo ke kama taya, giyar hannu ta fi mata, irin mai 10 da ke cikin yawancin Howo, don duk inda ta tsaya akwai mai iya buɗe ta. Otomatik ta gaske mai kwanbata, irin ta Allison, wurinta motocin da ke tashi-tsaya duk yini, kamar na kwasar shara da na kashe gobara da bas-bas na cikin gari.

Tambaya: HiAce nake lodi da ita Katsina zuwa Maraɗi. Kuloci ba ya yi min wata takwas. Bakanike ya ce kayan yanzu ne ba su da kyau. Daga wani direban haya.

Malam, jabun kaya na nan a kasuwa, amma wata takwas ya yi kaɗan ko da hakan. Ka duba abu huɗu.

Na farko ƙafarka. Ɗora ta a kan kuloci kana tafiya, ko da ba ka danna ba, yana sa boris ɗin kuloci ya yi ta juyawa, faifai kuma ya ɗan saki yana gogawa. Haka riƙe mota da rabin kuloci a shingen bincike ko a layin boda, da tashi da giya ta biyu alhali mota cike take da fasinja da buhuna a sama. Ka tashi da ta ɗaya, ka saki kuloci gaba ɗaya kafin ka ba ta wuta; in tsayuwa ta wuce 'yan daƙiƙu ka sa firi ka ja burkin hannu.

Na biyu, wasan feda. Ka danna ta da yatsa: ya kamata ta yi tafiyar banza ta milimita 5 zuwa 15 kafin ka ji tauri. Babu wannan wasan, kulocin a ɗan take yake kullum ko ƙafarka na ƙasa.

Na uku, yadda ake yin aikin. Da yawa faifai kaɗai suke canzawa su mayar da tsohon diski, wato murfin da ke matse faifan. Diskin da zafi ya kashe wa sifirin ba zai matse sabon faifai ba. A canza su tare: faifai, diski, boris ɗin kuloci, da ɗan boris ɗin da ke tsakiyar filawil. A duba fuskar filawil, in ta yi shuɗi-shuɗi ko ta tsattsage a kai a wanke ta a injin, ko a canza. Na huɗu, a haska bayan inji: in sil ɗin ƙarshen kiranshaf ko na bakin giya na yoyo, mai zai jiƙa faifan, sabo ma zamewa zai yi yana karkarwa.

Gwajin zamewa ba wuya. A fili, ka ja burkin hannu, ka sa giya ta uku, ka saki kuloci a hankali da ɗan totur. Inji ya mutu nan take, kuloci lafiya. Inji ya ci gaba da aiki, kuloci ya gama. Kunnenka ma zai taimake ka. Ƙarar da ke zuwa in ka taka feda, boris ɗin kuloci ne. Wadda ke nan a firi ta ɓace in ka taka, boris ɗin cikin giya ne. Gurzar haƙora a kowace giya, musamman ribas, kulocin ne ba ya saki sosai, a duba man DOT 3 a ɗan kofinsa, a duba yoyo a masta ta sama da ta ƙasa, a fitar da iska. Gurza a giya ɗaya tak, zoben tagullar wannan giyar ne ya cinye.

Tunda za a sauke giyar, a juye manta. Ba ta wuce lita 2 zuwa 3, ana cikawa ta notin gefe har ya fara dawowa. Ka sa 75W-90 ko abin da littafin motar ya ce, ka duba ko GL-4 aka rubuta, domin wasu mayukan GL-5 na aksul ɗin baya ne, sinadarinsu na cin zoben tagulla a giyar da ba a yi ta dominsu ba. Bayan an ɗaura sabon kuloci, ka yi masa sauƙin lodi da tashi na kwanaki kaɗan har ya zauna.